Ciwon Shawara Da Rashin Shawara

Duk ɗalibin Hausa ya san kalmar shawara fuska biyu gare ta. Akwai shawarar da babba yake bai wa ƙarami, akwai kuma shawarar da take mai da idon mutum ruwan ɗorawa. A wajenmu can Gwaram ta biyun ake jin tsoro, har ana yi mata jiƙe-jiƙe. Ni kuwa ta farkon ce ta dame ni, watau rashinta a tsakanin mai magani da majiyyaci, kuma ita nake so mu tattauna, ya ku 'yan'uwana ɗalibai.

Ba a ce yankinmu ba shi da asibiti ba. A Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga kuma makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, ban da ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Daga Sara da Basirka da Kila da Babaldu mutane suke yin sammako, wani ma sai ya sayar da akuya kafin ya sami kuɗin mota. To amma ko'ina ka je a ƙasar nan, abin da talaka yake komawa gida da shi ɗaya ne: ƙullin ƙwayoyi a leda, da 'yan zane-zane uku a bayan takarda. Ma'anar zanen kuwa, sai Allah sai wanda ya zana.

Baffana, ƙanen mahaifina, manomi ne, bai taɓa kwanciya ciwo ba. Da ciwon kai ya matsa masa, aka kai shi wani asibiti a birni, aka ɗaura masa abin awo a hannu, aka ce, "Baba, jininka ya hau." Aka ba shi maganin wata guda. Iyakar bayanin ke nan. Ya shanye tsaf, kai ya daina ciwo, ya gode wa Allah ya koma gona. Damina ba ta fita ba sai ga shi a ƙasa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba wanda ya gaya masa cewa hawan jini ba ya warkewa, danne shi kawai ake yi, kuma sau da yawa yana hawa ba tare da wata alama ba. Ba wanda ya yi masa zancen gishiri da magi da kanwa.

A nan ne na ga aikin ya shafe mu masu nazarin harshe. A tunanin Bahaushe magani shi ne abin da ke kawo ƙarshen matsala. Ana jiƙa sassaƙe a sha kwana uku ko bakwai, shi ke nan. Maganin da za a yi ta sha har ƙarshen rai baƙon abu ne, in ba a zaunar da mutum an fahimtar da shi ba, zai ɗauka ko dai maganin bai ci ba, ko kuwa ya riga ya warke. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta warware wa Baffa wannan ƙulli bayan aikin gama ya gama. Ta ce, "Baba, kana da jaki?" Ya ce, "Ina da shi, 'yata." Ta ce, "In ka yi masa dabaibayi ya tsaya, sai ka ce ya daina son shiga gonar mutane?" Baffa ya yi murmushi da rabin bakinsa. Ta ce, "To ƙwayar nan dabaibayi ce. Ranar da ka kwance, ranar zai shiga." Tun daga ran nan bai ƙara tsallake ko kwana ɗaya ba.

Sa'an nan ga rikicin sunaye. Jaririn da idonsa ya yi rawaya shawara ce, mai ciwon hanta shawara ce, zazzaɓin nan da sauro ke kawowa ake yi masa rigakafi shi ma shawara ce, alhali kuwa kowanne da hanyarsa. Sanyi kuwa ba a magana, daga mura har ciwon gaɓoɓi har abin da kunya ke hana faɗa, duk sanyi ne. Tarin fuka, mai bukatar magani wata 6 ba fashi, yana rikicewa da fukar da ke toshe numfashi. Haka nan "sau uku a rana". Na ga tsohuwar da ta shanye ukun tsakanin hantsi da la'asar, don ita rana tana ƙarewa ne in ta faɗi. Da an ce mata da Asuba, da Azahar, da kuma bayan Lisha in za ta kwanta, da an gama. Maganin zazzaɓin cizon sauro na yanzu sha shida ne cikin kwana uku, kuma ya fi aiki in an bi shi da madara ko abinci mai maiƙo, amma uwa nawa aka gaya wa haka? Da jikin yaro ya yi sanyi a rana ta biyu sai a adana ragowar don ƙanensa.

Rashin bayani ya taɓa jawo wa ƙasar Hausa duka tsada. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya haɗa yara wajen 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa a 2003 aka ƙaurace wa rigakafin shan inna. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gari-gari suna yi wa mutane magana da harshensu, kafin a 2020 aka tabbatar cutar ta asali ta bar Afirka.

Ba ma'aikata kaɗai zan ɗora wa ba. Wanda layi ya kai masa bakin ƙofa tun safe, da wane bakin zai yi dogon bayani? Mu ma muna da namu. Bahaushe yana ganin yawan tambaya rashin ladabi ne, sai a ce "Ka gane?" ya ce "Na gane, ranka ya daɗe," ya fito yana tambayar na kusa da shi. Mace kuwa in mijinta yana tsaye, rabin ciwonta ma ba za ta faɗa ba. Ma'aikaciyar nan da na ambata ba ta tambayar ko an gane. Cewa take, "Goggo, in kin koma gida yaya za ki sha? Gaya mini in ji."

Shawarata ga wannan ƙungiya tamu ita ce, in an yi hutu kowa ya tafi da littafi, ya tattaro sunayen cututtuka na garinsu da abin da tsofaffi ke nufi da kowanne, mu haɗa mu miƙa wa ɗaliban jinya. Ni na fara nawa a kasuwar Sara, wajen masu sayar da sassaƙe da matan Fulani masu nono. A ƙarƙashin sanyi kaɗai na cika shafi biyu, ban ko kai ga basir ba tukuna.