Risho Uku A Iskar Jos

Duk wanda ya taɓa ɗora tukunya a fili cikin hunturun Jos ya san wutar girki tana da abokan gaba biyu, watau iska da sanyi. Akwai na uku wanda ido ba ya gani. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a irin wannan tsayi ruwa yakan tafasa tun zafinsa yana wajen digiri 96, bai kai 100 ba. Saboda haka wake da ganda sukan ƙara daɗewa a wuta, mai kuma ya ƙara tafiya. Shi ya sa direban da ke jiran lodin dankali, da mai shayin bakin tasha, da mai hawan duwatsun Shere, ba su ɗauki zaɓen risho abin wasa ba.

Na farko shi ne mai lagwani, irin su Butterfly da suka cika kasuwanninmu. Lagwani ne ke tsotso kananzir daga tanki, ba famfo, ba ƙara, ga araha, ko yaro ya iya kunna shi. Amma ɗan ɗaki ne. Da iska ta buge shi sai shuɗiyar wutarsa ta koma ja, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin, shayi ya ɗauki warin kananzir. In kuwa aka jefa shi bayan mota, kafin a kai Bukuru ya jiƙe kaya.

Na biyu shi ne mai famfo, wanda wani mutumin Suwidin, Frans Lindqvist, ya fito da shi a 1892 da sunan Primus. Shi ba ya da lagwani. Akan fara zafafa kansa da ɗan sifirit, sannan a buga famfo, iska ta turo kananzir sama, zafin ƙarfen ya mai da shi tururi, ya fito ta wata 'yar ƙafa kamar ta allura yana ruri. Wutarsa tana da ƙarfi, ba ta kuma saurin ba iska kai. Irinsa Amundsen ya ɗauka zuwa ƙarshen kudancin duniya a 1911, haka kuma Hillary da Tenzing a Dutsen Eberest a 1953. Sai dai yana son mai haƙuri. Wanda ya yi garajen buga famfo kafin kan ya yi zafi, ɗanyen kananzir zai taso ya kama da wuta har ya lashe masa gira. Datti kaɗan kuma yakan toshe ƙafar, don haka ba a rabuwa da tsinken share ta.

Na uku mai fetur ne, irin wanda kamfanin Coleman ya ƙera wa sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya fi su saurin kamawa a sanyi, fetur kuma ba ya wuyar samu a hanya. To, amma nan gizo ke saƙar. Kananzir mai kyau sai ya ɗumama ya kai wajen digiri 38 kafin tururinsa ya kama wuta, fetur kuwa ko a sanyin ƙanƙara ƙyas ɗaya ya ishe shi.

Wannan bambanci shi ne abin da ya kamata kowa ya riƙe. A 2001 kananzir da aka gurɓata da fetur ya yi ta fashewa a gidajen mutane a Jihar Edo, aka yi asarar rayuka. Risho bai san wayo ba, man da aka ƙera shi dominsa kaɗai ya sani. Kada a zuba fetur a na kananzir don an ga tsada, kada a ƙara mai alhali wuta na ci, kada kuma a kunna kowane iri cikin rufaffen ɗaki ko tanti don jin ɗumi, gama akwai iskar guba marar wari da ke kashe mai barci.

Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016 gidaje da yawa sun koma gas, masu ƙaramin ƙarfi kuma gawayi, itatuwan da suka rage a tudun nan suna biyan bashin. Duk da haka matafiyi yana bukatar wutar da za ta shiga jaka. In a zaure ne ko cikin rumfa, mai lagwani ya wadatar. In bisa dutse ne inda iska ke kaɗawa, mai famfo ya fi, muddin an yi masa kariya da 'yan duwatsu. Mai fetur kuwa a bar wa wanda ya koyi hannunsa sosai. Allah Ya kiyashe mu da gobara, amin.