Daren da na karɓe wayar 'yata

Mutanen Kachia ba za su manta da shekarar 2023 ba, domin a cikinta ne cuta ta ruɓar da citta a gonaki, tun daga nan har ƙasar Jaba da Kagarko. Ni da nake sarin citta ina kaiwa Kaduna, hankalina duk ya koma kan bashin da ke wuyana. Shi ya sa ban lura ba cewa 'yata ta fari, mai shekara 13, ta daina fitowa hira a tsakar gida bayan isha'i. Tsohuwar wayata ce a hannunta, wadda na ba ta don aikin makaranta.

Wani dare na shiga ɗakinsu ɗauko fitila, sai na ga ta yi wuf ta cusa wayar ƙarƙashin matashi. Na miƙa hannu, ta ba ni jikinta na rawa. Labarin Turanci take karantawa a manhajar Wattpad. Shafi biyu na duba gabana ya faɗi. 'Yan mata biyu ne 'yan sakandare, ɗaya tana son ɗayar irin son da muka sani tsakanin saurayi da budurwa.

Ba zan ɓoye muku ba, bulala na fara nema da ido. Abin da ya riƙe hannuna wata yarinya ce da na tuna. A makarantar kwana ta 'yan mata da na yi, an taɓa kama wasiƙar da ta rubuta wa ƙawarta. Aka karanta a gaban ɗalibai, aka yi musu ihun 'yan maɗigo, aka kori mai wasiƙar. Babu malamin da ya zaunar da ita ya ji ta bakinta. Kafin shekara ta zagayo mahaifinta ya aurar da ita, karatu ya ƙare ke nan, alhali ita ke ɗaukar na ɗaya a lissafi. Ni ma ina cikin masu ihun, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Sai na ce wa 'yata ta kwanta, na tafi da wayar ɗakina. Na karanta labarin har asuba. Babu batsa a cikinsa. Yarinya ce da iyayenta ke yawan faɗa, aka canza mata makaranta, ba ta da mai saurarenta sai wannan ƙawa, kuma iyakar abin da suka yi shi ne riƙe hannu da rubuta wasiƙa. Saƙon labarin dai ya saɓa da tarbiyyar gidanmu, wannan babu tantama. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne labaran manya da manhajar ke jerowa a ƙasansa, da baƙin mutane da ke iya aika wa mai karatu saƙo. Na kuma tuna littattafan Hausa da mu mata muke turawa juna a WhatsApp, waɗanda wasunsu sun fi wannan muni nesa ba kusa ba, kuma a wayoyin da yara ke ɗauka suke.

A watan Oktoba na shekarar ne aka yi ta hayaniyar Queen Primer. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Jihar Kano ta kwashe littafin daga kasuwa, Majalisar Wakilai ma ta nemi a hana shi, saboda kalmar “gay” da ke ciki. Tsohon littafin koyon karatu ne daga Ingila, na zamanin da kalmar ke nufin mai fara'a, kuma da yawanmu da shi muka koyi haɗa baƙaƙen Turanci. Ni ma na tura saƙon gargaɗi ga iyaye ba tare da na buɗe shi ba. Tun a 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan soyayya da aka karɓe a makarantun 'yan mata a Kano. Takarda tana cin wuta, amma na yau a waya yake.

Ya kamata iyaye su san cewa a Ingila da Amurka irin waɗannan labarai na yara masu tasowa suna da kasuwa babba. Heartstopper na Alice Oseman, labarin samari biyu 'yan makaranta, a intanet ya fara fitowa a 2016, Netflix ta mayar da shi fim mai dogon zango a 2022. Can ma iyaye da makarantu suna ta sa-in-sa kan ajiye irinsu a ɗakunan karatu. Yaron da ke Kachia ko Kafanchan, da katin data na ɗari biyu zai iske su.

Da gari ya waye, muna tsince shinkafa, na tambaye ta me ya ja ta ga labarin. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, “Umma, ita tana da wanda take gaya wa damuwarta.” Maganar ta soke ni. Daga nan ta buɗe baki. Wata 'yar ajinsu ce ta turo musu, kuma yanzu ana tsokanar wata yarinya da mugun suna har ta daina cin abinci a makaranta. Ta ce, “Da ni ce, korata za ki yi?”

Na gaya mata abin da addininmu ya koyar, ban rage ba. Na gaya mata akwai dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, don ta san maganar ba ta wasa ba ce, kuma zargi kaɗai yana iya jefa mutum cikin haɗari. Na kuma gaya mata addinin nan ya haramta ƙazafi da tozarta mutum, don haka kada in ji bakinta cikin masu tsokana. Game da tambayarta kuwa, na ce mata ni na haife ta, babu abin da za ta faɗa mini da zai sa in rufe mata ƙofa.

Yanzu wayar a ɗakina take kwana. Na cire manhajar a gabanta, na faɗa mata dalili. Na goge nawa littattafan na WhatsApp. Na sayo Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, muna karantawa bayan isha'i tare da ƙannenta, duk abin da ƙawaye suka turo kuma tare muke dubawa.

'Yan uwana iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfi karya shi yake yi. Yaron da aka daka saboda tambaya ba ya daina tambaya, wurin wani yake kai ta. Ku karanta abin da suke karantawa kafin ku yanke hukunci. Allah Ya shirya mana zuri'a.