Tayar da Ba Ta Shan Iska

Tun daga shekarar 1888, lokacin da Dunlop ya ɗaura wa keken ɗansa robar da ake hura wa iska, masu abin hawa suke tsakanin jin daɗi da fargaba. Iska ce take tausasa tafiya, amma kuma ƙaya ɗaya tak ta isa ta fitar da ita. A cikin gari wannan ba wani abin damuwa ba ne, domin kuwa da wuya a yi tafiyar zango guda ba a tarar da mai faci a gindin bishiya ba. A tsakiyar hamada kuwa, inda mutum zai wuni bai ga ko tsuntsu ba, sacewar taya tana iya zama sanadin ajali.

Wannan matsala ce ta addabi mahaya babura a tseren nan na Faris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro a ƙarshen 1978. Ayarin tseren yakan ratsa ta Aljeriya ya faɗo Nijar, ya keta Tenere, ya yada zango a Agadas. A farkon shekarun 1980 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da wata dabara da ya kira Bib Mousse, watau wani zobe na roba mai kama da soson katifa, wanda ake cusawa cikin taya a madadin tiyub. Cikinsa ƙananan ƙofofi ne rufaffu kamar saƙar zuma, kowace tana riƙe da iskar naitirojin. Ƙaya ta huda goma, dubbai suna nan. Har yanzu Hausa ba ta tsayar masa da suna ba. A nan za a kira shi soson taya, ko da yake wani zai ce ai soso ruwa yake sha, wannan kuwa ba ya sha.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Mai tiyub yana da bawul. In ya iso yashi sai ya rage iska, taya ta baje, in ya hau turba mai tauri sai ya ɗauko famfo ya ƙara. Soso ba shi da bawul, ba shi da inda za a kafa geji. Taurinsa sabo ya yi daidai da iska 13 bisa gejin masu faci, alhali tayar babur ɗin haya tana shan wajen 30. Yadda aka cusa shi a gida, haka za a tafi da shi har a dawo. Saboda haka duk shawarar da za a yanke game da tauri ko laushi, tilas a yanke ta kafin a tashi, da hannu da ido, ba tare da ma'auni ba.

Akwai wani dattijon bakanike a Agadas wanda ya san wannan aiki tun yana yaro mai miƙa ƙarfen cire taya, a zamanin da ayarin tsere yake sauka garin. Ya ga shekarar 1997, da aka taso daga Dakar aka juya a Agadas aka koma. Ya kuma ji labarin shekarar 2000, da aka kwashe 'yan tsere a jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari. Daga baya tseren ya bar Afirka ɗungurungum, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020. Abin da ya rage wa dattijon shi ne sanin da ke cikin babban yatsansa. Yakan danna taya sau biyu, ya faɗi irin ƙasar da za ta iya takawa.

Wata rana ɗan 'yar'uwarsa ya zo masa da sabon soso guda ɗaya na tayar baya, wanda ya yi watanni yana tara kuɗinsa. Saurayin yana jigilar saƙo ne a babur tsakanin Agadas da ƙauyukan duwatsun Azbin, wajen Timiya, kuma ƙayar daji ta gallabe shi. Ya ga hotunan mahayan da suke hawan tsauni a gasar Erzberg ta Ostiriya da ta Romaniacs ta ƙasar Romaniya, tayoyinsu na baya suna lanƙwashewa a kan dutse kamar tafin raƙumi. Ya kuma ji cewa huda soson suke yi da injin huda har ya yi laushi. Shi ma haka yake so.

"Kawu, a yi masa huji kamar ashirin," in ji shi. "Da taurin nan, in na hau dutse tsalle zai riƙa yi da ni."

Dattijo ya juya soson a hannu, ya ce, "Ɗana, su waɗancan da ka gani, wa yake saya musu wani in wannan ya mutu?"

Tambayar tana da tushe. Gaskiya ne huji yana sa laushi, domin an rage naman robar, an ba ta wurin da za ta lotsa. Taya mai laushi tana shimfiɗuwa, haƙoranta su kama dutse da saiwa, mahayi ya hau inda mai taya mai tauri zai yi ta zamewa. Amma duk lotsawa ɗaya gugar jiki ce, guga kuwa zafi take haifarwa. Mahayin tsauni a hankali yake tafiya, wani lokaci ma tura babur yake yi, saboda haka sosonsa ba ya ɗaukar zafi sosai, kuma in gasa ta ƙare an gama da shi. Wanda zai yi sa'o'i yana gudu a fili cikin zafin bazara, da kaya a bayansa, lamarinsa dabam ne. Zafi yakan taru a cikin robar har ƙofofinta su farfashe, ta dagargaje ta zama baƙin gari. Ko sabo ne ba a huda ba, masu ƙera shi sun yi gargaɗin kada a wuce gudun kilomita 130 a sa'a, kuma ba don kwalta aka yi shi ba. Hanyar saurayin kuwa ta haɗa duka biyun: akwai fili mai tsawo kafin a kai ga duwatsu, akwai shi kuma a dawowa. In soso ya narke a can, babu facin da zai tashe shi.

Abin da ya fi nauyi a zuciyar dattijon shi ne, huji ba ya komawa. Mai rage iska yana iya tuba ya ƙara. Mai huda soso ya riga ya yanka. Bugu da ƙari, shi soso da kansa yake yin laushi, domin iskar da ke cikinsa tana sulalewa kaɗan kaɗan ko ana hawa ko ba a hawa, shi ya sa kamfanin yake ƙiyasta masa kimanin wata shida bayan an ɗaura. Wanda ya huda sabo, ya sayar da rabin kwanakinsa ke nan don ya sami abin da haƙuri zai ba shi kyauta. Masana aikin sukan ajiye tsohon soso musamman domin ranar hawan dutse, su bar sabo domin ranar gudu.

Akwai kuma wasu hanyoyi da ba sa buƙatar injin huda. Ana iya sa soso ɗan siriri cikin taya mai faɗin ciki, sai ya sami sarari ya yi laushi. Sai dai in sararin ya yi yawa, taya takan riƙa juyawa a kan wili, har ta kai ga kwancewa a kan kwana. In kuwa tauri ake nema, sai a yanka tsohon da ya motse, a buɗa shi, a cusa guntun wani soso a tsakani, ya cika taya dam. Wannan ita ce dabarar talaka, kuma tana aiki. A kowane hali ba a cusa shi a bushe. Akwai wani man shafawa mai santsi da yake zuwa tare da shi, wanda ake lailaye cikin taya da shi domin rage guga. Mai rowar wannan mai, ko mai musanya shi da baƙin man inji, shi ne yake fara kashe sosonsa.

Sun daɗe suna ja-in-ja. Saurayi yana ganin kawunsa ya tsufa da tunanin hamada, bai san duwatsu ba. Dattijo yana ganin yaro ya ɗauki wasan masu kuɗi ya ɗora a kan abincinsa. Kowannensu yana da hujja, domin taya mai tsalle a kan gangaren dutse ita ma tana karya ƙafa. Sai dai hujjar dattijon ta fi ƙarfi ta fuska ɗaya: kuskurensa ana iya gyara shi gobe, na yaron kuwa ba a iyawa.

Daga ƙarshe dattijo ya shafe cikin tayar da mai har ya zuba, suka taru su biyu da ƙarafa huɗu suka danna soson ciki ba tare da huji ko ɗaya ba. Ya ce wa yaron ya yi sawu uku da shi haka, in ya iso dutse ya rage gudu, kuma kada ya bar babur tsaye kan tayarsa kwana da kwanaki, ya riƙa ɗora shi a kan turke don kada gefe guda ya lotse. Bayan sawu na uku saurayin ya dawo. Dattijo ya danna tayar da yatsa, ya cire soson ya duba ko ya fara gari, bai ga komai ba. Sa'an nan ya ɗauko injin huda ya yi masa huji shida ƙanana daga gefe, tazara ɗaya tsakaninsu, ya ce sauran sai bayan damina.