Sulken Auta

Kwanakin baya ina kwashe tarkace a ɗakin ajiya na gidanmu da ke Kurfi, sai na ci karo da wani lanƙwasasshen guntun bututun roba, da ɗan sauran fenti ruwan azurfa a jikinsa, da noti guda da ya yi tsatsa. Na daɗe tsaye riƙe da shi, domin kuwa shi kaɗai ya rage daga sulken da na ƙera wa ƙanena a azumin 2014, kuma shi ne shaidar wata ƙarya da na yi wadda har yau nake jin kunyarta.

Ƙanen nan nawa shi ne autanmu, kowa Auta yake ce masa. An haife shi a 2004, lokacin da jita-jita a kan rigakafin shan inna ta karaɗe Arewa, gidaje da yawa suka rufe wa masu ɗiga maganin ƙofa, har da namu. A 2006, shekarar da yara sama da dubu suka kamu da cutar a Nijeriya, ya kwanta da zazzaɓi, ko da ya tashi ƙafarsa ta hagu ba ta ɗaukarsa. Da ƙarfen ƙafa da sanda ya girma. Bai cika damuwa ba, in ban da lokacin tashe. Da zarar azumi ya kai goma, yaran unguwa suka manna gemun auduga suka shiga gida-gida, shi aikinsa riƙon gwangwanin kuɗi, yana biye da su daga baya.

Ranar 12 ga Yuni, 2014, na zo gida daga Dutsin-Ma inda nake karatu, na ɗauke shi muka tafi gidan kallo don ganin buɗe gasar cin kofin duniya a Burazil. Kafin a take wasan Burazil da Kuroshiya, aka nuna wani matashi mai suna Juliano Pinto, wanda ƙafafunsa suka shanye, sanye da wata rigar inji da ta riƙe shi daga baya har ƙafa, ya ɗan shuri ƙwallo. Daƙiƙoƙi kaɗan aka nuna, mafi yawan 'yan kallo ba su ma lura ba. Auta ya lura. A hanyar gida ya ce, "Yaya, wanga abu da mutumin nan ya sa, kana iya yi mani irinai?"

Mai karatu, a nan na yi kuskuren. A unguwarmu ni ne gwanin ƙera motar langa-langa da gyaran rediyo, kuma ina jin daɗin yadda yaron yake kallona kamar babu abin da zai gagare ni. Sai na ce, "Mi zai hana?" Ni a zuciyata kayan tashe nake nufi, irin na fim ɗin Iron Man na 2008 da muka sha kallo a faifai. Shi kuwa ƙafa yake nufi. Na gane haka sarai tun a daren, amma na yi shiru.

Turawa na kiran irin wannan riga ekzoskeleton, wato ƙashin da ke waje, kamar na kunama ko ƙaguwa, waɗanda taurinsu ke bisa, namansu na ciki. Ni dai sulke na kira tawa. Ranar Laraba na shiga kasuwar Dutsin-Ma na haɗo kaya: bututun roba na wayar lantarki, kwalayen taliya, noti da kusoshi, tsohon tub na babur, gam, kebul ɗin birkin keke, 'yar tocila guda biyu da gwangwanin fenti. Na ɗaure su a buhu na hau motar Kurfi.

Abin da na fara koya shi ne bututun roba ba ya lanƙwasuwa da ƙarfi. In ka gasa shi haka nan a kan garwashi, sai ya lotse ya toshe. Sai ka cika shi da yashi, ka toshe bakinsa biyu, ka riƙa juya shi nesa da wuta har ya yi laushi, sannan ka lanƙwasa ka tsoma a ruwa. Na lalata guda uku kafin wani mai aikin famfo ya nuna mani haka. Gaɓoɓin kuwa, na gwiwa da na gwiwar hannu, na huda bututu biyu na haɗa su da noti, na sa yankakken silifas a tsakani don kada su ci juna. Kwalin na ninka shi uku da gam, ina saɓa layin kowane a kan na ƙasansa, sai ya yi tauri kamar falanki. Kebul ɗin birki na ja shi daga yatsu zuwa wani baki mai kama da na ƙaguwa, in ka dunƙule hannu ya rufe. Auta ne mai miƙo kaya, kullum da tambaya guda: "Yaya, ina za a sa injin?" Ni kuma kullum amsata, "Sai an gama."

Ana saura kwana huɗu a fara tashe muka yi gwaji a tsakar gida bayan la'asar. Na rataya masa sulken a kafaɗa, na rufe ƙafar tasa da kwali tun daga cinya har idon sawu don kada a ga ƙarfen. Na juya in ɗauko kwalkwalin, sai na ji faɗuwar sanda, sannan na ji faɗuwar mutum. Ashe ya yar da sandar ne ya ɗaga ƙafa zai taka. Ya kifa da baki a kan turmi, leɓensa ya tsage. Bai yi kuka ba, sai kallona da yake yi. Inna ta fito daga madafa ta ɗauke shi, ta wanke masa bakin, ba ta ce mani uffan ba sai bayan an sha ruwa. Ta ce, "Kai da ka yi boko, ka san abin nan ba ya tafiya da kowa. Mi ya sa ka bari yaro ya sa rai?"

A daren na zauna kusa da tabarmarsa na faɗa masa gaskiya. Na ce babu inji, ba za a sa ba, ban iya ba. Na ce ko wanda ya gani a talabijin, tarin masana ne suka yi ta aiki a kansa kafin a samu shuri guda. Ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "To don mi ka ɓoye mani ƙafa?"

Washegari na kwashi tarkacen na kai wa wani dattijo baduku, abokin marigayi kakanmu, wanda ya yi shekaru yana gyaran kayan doki na masu zuwa hawan Sallah a Katsina cikin tawagar Maraɗi. Niyyata ya ɗinka mani maɗauri kawai. Ya ɗaga sulken da hannu ɗaya, ya jijjiga, ya ce, "Yaro, wa ka yi wa wanga, mutum ko turke?" Ya ce duk nauyin na ɗora a kafaɗa, shi ya sa ya rinjayi yaron gaba. Masu sa sulken ƙarfe, in ji shi, da ɗamara suke tsuke shi a ƙugu don ƙugu ya raba wa kafaɗa kaya, kuma ba a ɗora ƙarfe a kan tsurar fata sai da abu mai laushi a ƙasa. Ya kawo misalin lifidi, rigar da ake cusa wa auduga a ɗinke ta layi-layi, doki ya sa mahayi ya sa. Daga baya na karanta a littafin Tarihin Kano cewa tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Wato matsalar da ta kayar da ƙanena, kakanninmu sun warware ta shekara ɗari shida da suka wuce, ni ina can ina kwaikwayon fim.

Da na gaya masa yadda ƙafar Auta take, sai ya ajiye basilla ya dube ni. Ya ce, "Ba a yanka sirdi sannan a nemo doki. Ka kawo mani yaron in auna shi, da sandarsa da ƙarfensa."

Kwana uku muka yi muna warware aikin mako uku. Baba ya yi faffaɗar ɗamara ta fata, muka mayar da ginshiƙan bututun suka zauna a kanta. Ya cusa tsumma da auduga a ƙarƙashin kafaɗun. Muka zubar da kusan rabin kwalin. Ƙafar hagu muka bar ta a buɗe, Auta da kansa ya shafe ƙarfen nasa da fentin azurfa. Sandar ma ya fente ta, muka ɗaura mata tocila, muka ja waya daga jikinta zuwa ɗamarar, ta zama kamar wani sashe na injin. Alal haƙiƙa, a duk sulken nan, ƙarfen ƙafar da sandar ne kaɗai suke yin aikin da na yi masa alƙawari, su ne kuma na so in ɓoye.

Shekaru bayan haka na bi diddigin abin, na ga ba ni kaɗai nauyi ya kayar ba. Kamfanin General Electric na Amurka ya yi daga 1965 zuwa 1971 yana ƙera wata mai suna Hardiman, ta kai kilo 680, kuma ba a taɓa kunna ta gaba ɗaya da mutum a ciki ba saboda fizgar da take yi. A fim ɗin Aliens na 1986, injin ɗaukar kayan da jarumar ta shiga, wani ƙato ne ɓoye a bayanta yake motsa shi. Ta gaskiyar kuwa, mai suna ReWalk, a watan Yunin 2014 ɗin nan hukumar Amurka ta amince a yi amfani da ita a gida, a kan kusan dala dubu 70, sama da naira miliyan 11 a canjin lokacin. Ita ma sai da sanduna biyu ake tafiya da ita. Da na san haka a lokacin, da na gaya wa Auta.

Daren farko na tashe shi ya shige gaba, wani ya riƙi gwangwani. Tocila biyu na haskawa, bakin ƙaguwa na buɗewa yana rufewa, yara na bin sa da kiɗan galan, mata na leƙowa daga zaure suna salati suna dariya. Tafiyarsa ta ɗingishi, wadda ya saba jin kunyarta, ita ta sa ya fi kama da mutum-mutumin fim. Dare huɗu ya yi. A na biyar hadarin Yuli ya tsinke da ruwa suna tsakiyar layi, ya dawo gida kwalin na zuba daga jikinsa kamar jiƙaƙƙen burodi, ɗamarar Baba da bututun kaɗai suka tsira.

A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna mai yaɗuwa da kanta. Na kira Auta in yi masa albishir, ya ce ya ji a rediyo, yana tsakiyar aiki, zai kira ni. Walda ya koya a Dutsin-Ma, kuma shi yake gyara ƙarfen ƙafarsa da hannunsa. A 2022 ya turo mani bidiyon wani matashi ɗan Kano, Isah Auwal Barde, da ya ƙera mutum-mutumi mai kwaikwayon motsin wanda ya ɗaura na'urar sarrafa shi a jiki. A ƙasa ya rubuta, "Yaya, wannan ya sa injin."

Guntun bututun na kai masa shago. Ya juya shi, ya duba ramin notin, ya ce na huda shi a karkace, shi ya sa gwiwar take cijewa. Tabon na nan a leɓensa. Allah Ya yafe mana kurakuranmu, Ya jiƙan Baba baduku da rahama, amin.