Ranar Da Yashin Baure Ya Riƙe Mu

Masu iya magana na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Ni na ga wannan duhu da rana tsaka, a bazarar 2013, a cikin jigawar wani ƙauye na ƙasar Baure, dab da iyakar Nijar.

Ran nan Lahadi ce, na je gaida kawuna, sai aka ce matar ƙanena tun daren jiya take kan gwiwa, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kawu yana da wata tsohuwar Land Cruiser da yake jigilar gero da wake, amma direbanta ya tafi kasuwar Mai'aduwa. Duk gidan ni kaɗai na iya tuƙi, tuƙin ma a kan kwaltar Daura na koye shi, da ƙaramar mota. Aka shimfiɗa mata katifa a baya, mata biyu suka riƙe ta, na karɓi makulli ina jin kaina.

Ba mu yi nisa ba muka faɗa wani kwari mai rairayi, mota ta kafe. Na san dai irin waɗannan motoci suna ja da ƙafa huɗu, na kuma ga ƙaramin sandan giya kusa da babban, da rubutunsa H2, H4 da L4. Na ja shi zuwa L4, na taka totur. Inji ya yi ruri, tayoyin baya suka riƙa feshin yashi suna haƙa wa kansu rami, na gaba kuwa ko motsi. Na sake takawa, motar ta ƙara nutsewa har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. A baya ina jin nishin baiwar Allah, ɗaya daga cikin matan tana ta salati.

Sai ga wani dattijo da amalanken shanu. Ya tsaya ya dube mu, ya ce, "Malam, ka kulle ƙafafun gaba kuwa?" Na ce, "Baba, ai na sa giyar." Bai tanka ba. Ya sauko ya durƙusa gaban tayar gaba, ya kama wani ɗan murfi a cibiyarta ya murɗa shi daga inda aka rubuta FREE zuwa inda aka rubuta LOCK, ya zagaya ɗaya gefen ya yi haka nan. Ashe ya yi shekaru yana yaron mota tsakanin Daura da Damagaram. Ba ya karanta boko, amma ya san inda kibiyar take tsayawa. Ni da nake koya wa yara kalmomin nan biyu a aji na wuce su ban gani ba.

Daga baya na bi diddigin abin. Sandan giya ƙarfin inji kawai yake turawa ta farfela zuwa aksul na gaba. Tsakanin aksul da taya kuwa sai wannan makulli ya haɗa su. In yana buɗe, ƙarfe na juyawa a ciki, taya ba ta san ana yi ba, kuma dole a kulle duka biyun, don in an bar ɗaya ƙarfin ta nan zai zurare. Wani Ba'amurke, Arthur Warn, ya fito da dabarar a 1948, saboda motocin Jeep da suka rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu, domin a kan titi a sake tayoyin gaba, a rage shan mai da cin ƙarfe. Motocin yanzu da yawa maɓalli ake dannawa daga ciki. Ban raina ci gaba ba, sai dai abin da hannu ke murɗawa bakaniken ƙauye yana iya kwance shi ya wanke ya mayar.

Dattijo bai tsaya nan ba. Ya sa muka tone yashin gaban tayoyi da hannu, muka shimfiɗa karan gero da rassan sabara, ya rage iskar tayoyin da tsinke. Ya ce, "Taka a hankali, ɗana, kamar mai tsallake barcin jariri." Na taka. Motar ta yi ƙugi, ta girgiza, na ji gabanta ya kama ƙasa, ta fito.

Ya bi mu da gudu yana faɗa mini ta taga cewa in na hau kwalta in mayar da sanda H2, kada ƙarafan su ɗaure, makullin kuwa in bar shi sai na sauke mara lafiya. Na miƙa masa kuɗi, ya ture hannuna ya ce in tafi.

Mun isa asibiti bayan la'asar, aka shiga da ita ɗakin tiyata. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni abin da ya tsayar da mu, na ce yashi. Ban faɗa mata cewa wajen rabin sa'a daga ciki ni na ɓata ba. Uwar ta tashi. Yarinyar tana makarantar sakandare yanzu, har gobe kawu Ta-Yashi yake kiranta. Dattijon kuwa na koma ƙauyukan wajen sau biyu ina cigiya, kowa na tambaya sai ya ce masu amalanke ai suna da yawa.