Wane Launi Ya Dace Da Motar Alfarma A Ƙasar Katagum?

Babu shakka wanda ya ga kan wannan rubutu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa, wanda ko keke bai mallaka ba, da zancen fentin motar alfarma? Amsar ita ce, ni ɗan Hardawa ne, kuma tun ina ƙaramar sakandare duk hutun da aka yi a garejin kawuna da ke Azare nake yin sa. Kawun nawa mai fentin mota ne. Aikina a wurinsa bai wuce goge jikin mota da samfefa, da liƙe gilasai da tsofaffin jaridu kafin a yi feshi, da wanke bindigar feshi da tina ba. Daga ɗan abin da yake sallamata da shi nake haɗa kuɗin rajista har yau. Saboda haka abin da zan kawo a nan ido ne ya gani, hanci kuma ya shaƙa.

Abin da ya fara ɗaure mani kai a garejin nan shi ne sunayen launuka. Ni da Fulatanci na buɗi baki, Hausa kuwa a makarantar allo da kasuwa na tsince ta. A gidanmu in ana zancen launi, to zancen saniya ake yi, kuma kowace da sunanta gwargwadon yadda fari ko baƙi ya sauka a jikinta. Da na zo gareji sai na tarar Bahaushe yana da launuka uku da ya riƙe da ƙarfi, wato fari da baƙi da ja, kowanne da ɗan rakiyarsa: fari fat, baƙi wuluk, ja zur. Bayan shuɗi da kore da rawaya, saura duk sai ya je ya aro su daga abin da yake gani, ya liƙa masu kalmar ruwa a gaba. Ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan madara, ruwan goro, ruwan hanta, ruwan makuba, ruwan azurfa, har da ruwan omo da ruwan hoda waɗanda kanti ya kawo mana. Sai da na shigo wannan sashe na ji labarin binciken Brent Berlin da Paul Kay na shekarar 1969, inda suka nuna cewa harshen da yake da tushen sunayen launi uku kacal, to fari da baƙi da ja ne. Amma kada mai karatu ya ɗauka Bahaushe ya rasa kalmomi ne. A je hawan salla na Sarkin Katagum a saurari masu dawaki, za a ji akawal da kili da hurde da gunya, kowanne launin doki ne daban. Inda zuciyar mutum take, nan kalmominsa suke taruwa. Doki shi ne motar alfarmar kakanninmu, shi ya sa suka ƙware wajen raɗa wa launinsa suna.

Motar da nake nufi a nan ita ce irin ta 'yan gayu, mai ƙofa biyu, gajera kamar za ta shafi ƙasa, wadda aka ƙera domin gudu. Yawancin samari in ka tambaye su launin da ya dace da ita, ja za su ce, kuma wannan yana da tarihi. A farkon ƙarni na 20, lokacin da aka fara tseren motoci tsakanin ƙasashen Turai, kowace ƙasa da launinta domin 'yan kallo su gane ta daga nesa. Faransa shuɗi, Ingila kore, Jamus fari, wanda ya koma ruwan azurfa daga shekarar 1934, Italiya kuma ja. Kamfanin Ferrari na garin Maranello, wanda ya fitar da motarsa ta farko a 1947, jan ƙasarsa ya gada. Ke nan jan nan da ke fizgar samarinmu a hotuna tutar Italiya ce, ba a zaɓe shi domin rana ko ƙurar Azare ba.

A wani hutu na watan Janairu, wani saurayi ɗan wani attajiri ya shigo garejinmu da Ford Mustang fara, tokumbo daga Amurka. Yara suka kewaye ta, masu acaɓa suka tsaya kallo. Bayan gaisuwa ya ce wa kawuna, “Baba, so nake a mayar mani da ita ja, irin na Ferrari, ciki kuma a yi baƙi gaba ɗaya.”

Kawu ya ce, “Alhaji ƙarami, wane jan? Jan barkono, ko jan gauta, ko ruwan hanta?”

Sai ya zaro waya ya nuna hoto. Yaron shagon da ke kusa da mu ya nemo hoton nan a tasa wayar, sai ga shi jan ya ɗan karkata zuwa ruwan goro. Hoto ɗaya, waya biyu, ja biyu. A nan ne na ga iyakar kalma da iyakar hoto. Mai fenti na gaskiya da lamba yake aiki. Kowace mota tana fitowa daga kamfani da lambar fentinta, galibi a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet, kuma da wannan lamba ake haɗa launi ya fito daidai.

Kawu ya zagaya motar sau biyu, sannan ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce sauya launin mota ba kamar shafa wa ɗaki farar ƙasa ba ne. Sai an cire ƙofofi da bamba da fitilu, an fesa bakin ƙofofi da cikin but da ƙarƙashin bonet, in ba haka ba duk ranar da aka buɗe ƙofa farin zai leƙo ya tona asiri. Ya ce dillalai abin da suke fara dubawa shi ne ko mota fes bodi ce, wato fentin kamfani da ba a taɓa ba, kuma ranar da aka fesa mata wani launi ranar kuɗinta ya faɗi, ko da aikin ya fi na kamfani kyau, domin mai saye zai zargi an ɓoye hatsari. Daga nan ya nuna masa sama, hazo ya rufe rana. Garejinmu rumfar kwano ce, ba mu da rufaffen ɗakin feshi da gashi irin na manyan garejojin Kano da Kaduna. Ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan, in ka shafa sai ka ji ƙurji-ƙurji. Ya ce in dai lallai sai ja, to ya kai ta Kano.

Saurayin ya ja motarsa ya tafi. Ni kuwa raina ya sosu, domin saura mako uku a koma makaranta, kuma na riga na ƙiyasta rabona a cikin wannan aiki. Da yamma na ce, “Kawu, ai da ka karɓa mun rufe rumfar da leda.” Ya ce, “Ɗan nan, farar mota a garin nan ba ta ƙirguwa. Jar Mustang kuwa guda ɗaya za ta zama, duk inda ta bi sunana ne ke bin ta. In ta ɓare bayan wata shida, daga nan har Potiskum sai an san wanda ya fesa.” Rajistar wannan zangon sai da aka sayar da ɗan akuya aka cike.

Maganar kawu ta shafi mai motar kamar yadda ta shafi mai fenti. Launin da ya fita daban yana kiran sunan mai shi, kowa ya san inda ka kwana da inda ka wuni. Wani abin da yake nema ke nan, wani kuma, musamman a wannan zamani da hankali bai kwanta a kan hanyoyi ba, ya fi son ya saje da jama'a.

Sai kuma rana. A watannin Maris da Afrilu zafi a ƙasar Katagum yakan haura digiri 40. Baƙin launi yana shanye hasken rana, fari da ruwan azurfa suna mayar da shi. A shekarar 2011 masu bincike a cibiyar Lawrence Berkeley ta Amurka sun ajiye Honda Civic guda biyu a rana, ɗaya baƙa ɗaya ruwan azurfa, suka samu iskar cikin mai ruwan azurfa ta fi sanyi da digiri 5 zuwa 6. Wanda ya taɓa shiga motar da ta wuni a rana a tashar Azare ya san wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Rana kuma tana cin fenti. Tsofaffin jajayen motoci da ke zuwa wurinmu rufinsu da bonet sukan koɗe su koma ruwan hoda, baƙaƙe kuwa man sheƙin da ke samansu ne ke ɓarewa kamar saɓar maciji.

Ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke kwaso ta, fara-fara ce. A jikin baƙar mota kafin azahar an yi rubutu da yatsa. Mai ita sai ya sa yaro ya yi ta gogewa da busasshen tsumma, alhali kowace goga yashi ake ja a kan fenti, shi ya sa za ka ga baƙar mota a rana duk zane-zane kamar saƙar gizo. Ruwan azurfa da ruwan toka mai haske su ne ke ɓoye wannan ƙura, har a yi kwana uku ba a wanke ba kuma ba a gane ba. A nawa ganin su ne suka fi dacewa da mu, fari na bin su. Sai dai fari ma iri-iri ne. Akwai mai walƙiya kamar lu'ulu'u wanda hawa uku ake fesa shi, kuma in mai acaɓa ya goge ƙofa ɗaya, da wuya a haɗa ta ta saje da sauran jiki. Wanda ba ya sheƙi kwata-kwata, wanda yanzu samari ke yayi, shi ya fi kowanne fitina, domin ba a iya goge masa ƙarzuwa da folish, sai dai a sake fesa ɓangaren gaba ɗaya. Duk wanda zai zuba miliyoyi a mota ya kamata ya tambayi kansa, wa zai gyara mani wannan launi tsakanin Azare da Kano?

Cikin mota kuwa a nan aka fi yin son zuciya, alhali a nan mai mota yake zaune, launin waje na 'yan kallo ne. Baƙar fata a kujera tana ƙona cinya, sitiyari kuma ba ya taɓuwa sai an sa hankici. Sai wasu su gudu zuwa ruwan madara, wanda a hoto babu kamarsa. Amma mu mutane ne masu sa rinanniyar shadda, mai kushin da ke maƙwabtaka da mu kullum yana fama da kujerun da shuɗin shadda ya hau. Ga jan goro, ga lalle, ga man ƙuli da yajin tsire. Ruwan madara ba ya yafe ko ɗaya daga cikinsu. Akwai kuma wani yadi mai laushi da ake kira Alcantara, wanda ake yi a Italiya, ana yawan sa shi a sitiyari da kujerun motocin tsere. Yana da daɗin riƙo, amma gumi da ƙura na haɗuwa a kansa sai ya daskare ya yi ƙyalli.

In da ni aka ba zaɓi, fata mai ruwan ƙasa ko ruwan makuba zan sa, irin launin jakar fata ta dukawa. Ba ta ɗaukar zafi kamar baƙa, tana shanye tabo, kuma tsufa ƙara mata kyau yake yi. Ba baƙon launi ba ne a wurinmu, tunda fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ta daɗe tana tafiya Turai, har can ana kiran ta fatar Maroko saboda hanyar da take bi. Saman dashbod kaɗai zan bari baƙi, domin mai haske yana hasko kansa a gilashin gaba ya hana direba ganin hanya, abin da ba wasa ba ne ga mai gudu a titin Kano zuwa Maiduguri, inda shanu ke tsallakawa ba sallama. Wanda kuma zuciyarsa ta nace sai ja, yana iya sa shi a zaren ɗinkin kujeru da bel da ƙarfen birkin da ake hangowa ta cikin taya. Masu kera irin waɗannan motoci ma haka suke yi.

Wanda duk ya sauya launin motarsa, kada ya manta launi yana rubuce a takardun mota, sai ya je ofishin lasin an gyara. In ba haka ba, takarda ta ce fara, ido ya ga ja, zai sha tsayuwa a kowane shingen bincike kafin ya kai Wudil.