Layukan da ke shata hoto

A kamarar Leica M3, wadda ta fito a Jamus a shekara ta 1954, ba ta cikin gilashin ɗauka nake kallo ba. Wata ƴar taga nake leƙawa, inda fararen layuka ke shata mini iyakar hoto. Ina son ta don ina hangen mai tahowa tun bai shigo cikin layi ba.

Sai dai layukan ba su san gilashi ba. Tsohon gilashi mai murɗawa sai da zoben haɗi, kuma zoben ke kiran layukan. A ɗaura gilashin milimeta 90 bisa zoben 50: ido zai ga amarya da danginta, fim ya dawo da amarya da rabin kafaɗar gwaggonta.